TARIHIN BAKIN RUWAN MARINA: INA MATSAYINMU A SABON GYARAN IKKO?

 Kwana biyu kun ji ni shiru, to ku yi mini afuwa, harkar kasuwa ce ta riƙe ni, ga kuma wannan rubutu da ya ɗauke ni lokaci kafin in haɗa kansa.

Abin da ya jawo shi kuwa, wata ranar Asabar ce na lallaɓi Baba ya rufe tebur da wuri, na ce yau sai na kai shi ya hau sabon jirgin ƙasan nan na lantarki da ke tashi daga Marina. Ya fi shekara 35 yana sayar da goro da dabino a wajejen Ebute Ero, ya ga lokacin da ake kafa ginshiƙan gadar jirgin, amma bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba. Muka taka har tasha, na taɓa mana kati, muka hau. Da jirgin ya iso saitin kasuwarmu sai na ga Baba ya manna goshi a gilashi yana leƙen ƙasa, yana neman lemar teburinsa a cikin ɗaruruwan lemomi. Can sai ya juyo ya ce da ni, "Kai yaro, ka gani ko? Ta kanmu yake wucewa, amma bai san da zamanmu ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ita ta sa na shiga tambayar dattawa, na kuma karanta abin da na iya samu game da wannan bakin ruwa, don in san su wa suka gina shi, sau nawa aka gyara shi, kuma in an tashi gyaran wa ke ci wa ke kuka. Ga abin da na samo.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Mai karatu, wanda bai san Ikko ba ya sani tsakiyar birnin tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi. Masu garin suna kiransa Eko, daga nan mu ma muka samo Ikko. Tsohon gari shi ne Isale Eko, inda fadar Oba take, wato Iga Idunganran. Kalmar "ebute" a Yarabanci tana nufin inda kwale-kwale ke tsayawa, shi ya sa za ka ji Ebute Ero da Ebute Metta. A can da, fuskar garin tana kallon wannan ɓangare ne, inda kwale-kwalen Ijebu da Ikorodu da Badagry ke sauke kaya. Wajen da ake kira Marina a yau kuwa bayan gari ne, taɓo da juji.

Akwai wani abu mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Hausawan farko da suka ga wannan ruwa da yawansu ba fatauci ya kawo su ba, a ɗaure aka kawo su. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da na ƙasar Yarbawa sun sa an riƙa gangaro da bayi zuwa Ikko, ana loda su a jiragen ruwa zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil. Tarihin can ya rubuta cewa Hausawa sun shirya tawaye tun a 1807. Waɗansu kuma ba a ƙetara da su ba, sun saura a gidajen attajiran Ikko suna bauta.

A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko suka naɗa Akitoye. Bayan shekara 10, a watan Agusta na 1861, Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta mai da Ikko mallakar Ingila. A wannan lokaci ne wani ɗan kasuwa Bature mai suna William McCoskry, wanda ya riƙe muƙamin gwamna na ɗan lokaci, ya fara share hanya a gefen ruwa, hanyar da ta zama Marina. Yarbawa sun laƙaba masa Apongbon saboda jan gemunsa, kuma har gobe sunan nan ne a unguwar da ke gindin gadar Eko. Tun a wancan aiki na farko sai da aka yi rigima da masu filayen da titin ya ratsa. Ashe rigimar gyaran Marina ta girmi kakanninmu.

HAUSAWAN GLOVER

Wanda ya faɗaɗa aikin shi ne John Glover. Shi ne kuma a 1863 ya tara waɗansu Hausawa, galibinsu bayin da suka gudo, ya ba su kaki da bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga wannan ƙaramin gungu take lissafin asalinta. Su ne suka yi gadin ofisoshi da rumbunan da aka jera a Marina, Glover ya tafi da su yaƙin Ashanti a 1873, aka kuma yi amfani da su a yaƙin Ijebu na 1892. Ba zan ɓoye ba, da irin wannan runduna Turawa suka ci ƙasashe da yawa, har ta kai ga Kano a 1903. Saboda haka ba abin tinƙaho ba ne gaba ɗaya. Amma dai ya nuna cewa ƙafar Bahaushe ta fi shekara 160 a wannan bakin ruwa.

Da gwamnati ta buƙaci filin da sojojin nan da iyalansu ke zaune, sai aka tashe su aka kai su wani wuri a gefen Ikoyi. Wurin shi ne Obalende, wanda masu jin Yarabanci ke fassarawa da "inda sarki ya koro mu". Ka ji fa, mai karatu. Sunan ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanninmu ma labarin tashi yake bayarwa.

GORO, JIRGIN RUWA DA JIRGIN ƘASA

Bayan masu kaki sai masu huhu. Kakanninmu fatake sun saba bin hanyar Gwanja da jakuna, wata da watanni, don ɗauko goro. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai aka gano cewa za a iya lodo goron a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yanzu a sauke shi Ikko cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan hanya a farkon kasuwancinsa. To, huhunan nan a bakin ruwan Ikko ake sauke su, 'yan dako su ɗauka a ka, fatomomi su saukar da baƙi, dillalai su haɗa ciniki.

Sai kuma sufuri ya buɗe. A 1901 layin dogo ya kai Badun daga Iddo, a shekarar kuma aka buɗe gadar Carter da ta haɗa tsibirin da Iddo. A 1902 aka sa wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi da ke ɗaukar mutane daga cikin tsibirin zuwa tashar Iddo. Na yi mamaki da na karanta wannan, wato fiye da shekara 120 da suka wuce akwai jirgi a kan titunan Ikko! Bai daɗe yana ɗaukar fasinja ba, ya koma kwasar ƙazantar gari da dare, aka daina shi gaba ɗaya a 1933. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Daga nan goro ya riƙa hawa Arewa a tarago, shanu da gyaɗa da fatu suna gangarowa. Da manoman Agege da Shagamu suka shiga dashen goron Gwanja, sai zangonnin Hausawa suka kafu a waɗannan wurare.

Shi kansa bakin ruwan ya canza. A da manyan jirage ba sa iya shigowa saboda yashin da ke toshe mashigar teku, sai su tsaya can waje a riƙa jido kaya da ƙananan jirage. Aka jera duwatsu aka yi katangu a mashigar, a 1914 babban jirgin wasiƙu ya shigo ciki a karon farko. A shekarun 1920 kuma aka mai da babbar tashar jiragen ruwa Apapa. Marina ta zama fuskar gari: gidan gwamna, sakatariya, gidan waya, babban cocin nan na CMS da aka aza harsashinsa a 1925, daga baya kuma manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis. Itatuwa a jere, ruwa na bugun gefen titi. Sai dai gaba ta Turawa ce da kamfanoninsu, talakan gari yana can baya cikin lunguna.

GYARAN FARKO DA HAWAYENSA

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Ikko, ta yi shekaru tana kashe mutane, musamman a cunkusassun unguwanni. Saboda ita aka kafa hukumar raya birni ta LEDB a 1928, ta fara rushe gidaje a wajejen Oko Awo. Babban rusau kuwa ya zo ne a 1955, ana shirin samun mulkin kai, ana cewa bai dace babban birnin ƙasa ya zama da irin waɗannan lunguna a bayan Marina ba. Aka ware kimanin eka 70 a tsakiyar tsibirin, aka fara rushewa, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a Surulere.

Gidajen Surulere sun fi tsofaffin kyau, ga famfo ga fili. To amma wani Bature mai bincike, Peter Marris, ya bi mutanen ya tattauna da su, ya fitar da littafi a 1961, ya nuna yadda ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka karye. Dalili? An raba su da masu sayen kayansu. Matar da ke sayar da kaya a ƙofar gidanta a hanyar dubban mutane, ta wayi gari a unguwar da babu mai wucewa, ga kuɗin mota kullum. Da yawa daga masu gidajen kuma ba su iya sake sayen filayensu ba bayan an gyara, don kuɗin ya fi ƙarfinsu.

Duk ɗan kasuwa ya san wannan ba sai an karanta masa littafi ba. Baba yakan ce jarin mai tebur ba kayan da ke kan teburin ba ne, ƙafafun da ke wucewa ta gabansa ne. In ka ba shi shago mai tayil a inda babu ƙafa, ka kashe shi da ransa.

RANAR DA AKA RABA MARINA DA RUWA

Akwai wani dattijo a masallacinmu, ya haura 80, ya zo Ikko tun kafin yaƙin basasa yana yaron wani mai goro. Da na tambaye shi yadda Marina take a da, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan da kuke gani ai ba Marina ba ce, sunanta ne kawai ya saura." Ya ce in sun tashi daga kasuwa da la'asar sukan zo su zauna a gefen ruwa su sha iska, suna kallon jirage suna shiga Apapa, yara na jefa ƙugiya, masu gyaɗa da rake na zagayawa. Ba mai tambayarka kuɗin shiga, ba mai tambayarka daga ina kake.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970. Motoci suka yi yawa, gari ya cushe, gwamnatin soja ta ga mafita ita ce manyan tituna da gadoji. Aka kammala gadar Eko, aka zuba yashi aka cike ruwan da ke gaban Marina, aka shimfiɗa babban titin zobe da gadojin sama a kai. Titin da a da ruwa ke lasar gefensa ya koma can ciki. Tsakaninsa da ruwa sai kwalta mai layi-layi, da filayen ajiye motoci, da shingaye. Mutum zai yi shekara yana aiki a Marina bai taɓa tsayawa a bakin ruwa ba, don kafin ka kai sai ka tsallaka titin da motoci ke gudu kamar za su tashi sama.

A nan nake ganin babban kuskuren da aka yi: an gyara wa mota, an manta da mai ƙafa. Kuma cunkoson da aka yi domin maganinsa bai tafi ba.

SHEKARUN LALACEWA

Gwamna Lateef Jakande ya hango matsalar. Ya sa jiragen ruwa na fasinja, irin su Baba Kekere da Ita Faji, suna jigila tsakanin Marina da Mile 2. A 1983 kuma ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari. Soja suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Ikko ta koma hannun molue da danfo.

Abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A watan Janairu na 1983 gobara ta kama dogon benen nan na NECOM da ke Marina. A 1990 aka gama gada ta uku, a Disamban 1991 kuma gwamnatin tarayya ta tattara ta koma Abuja. Bankuna da kamfanoni da yawa suka tsallaka Victoria Island. Manyan kantuna suka rufe, benaye suka zama kango, ƙarƙashin gadoji ya zama kasuwa da rana, makwancin 'yan iskan gari da dare.

A wannan zamani Baba ya zo, kuma ga abin da nake so 'yan uwa su lura da shi. Lokacin da masu kwat suka gudu, su wa suka riƙe tsakiyar garin? Matan Yarbawa masu atamfa a Balogun, Inyamurai masu kaya a Idumota, da mutanenmu: masu goro, masu shayi, masu gadi, 'yan canji na wajejen Broad Street, 'yan dako masu ɗaukar dila daga mota zuwa shago, masu tura ruwa, masu gyaran takalmi. Kasuwa ce ta hana tsibirin mutuwa. Ban ce mun yi don Allah ba, abinci muke nema. Amma da babu wannan hada-hada, da babu abin da za a zo a ce za a farfaɗo da shi.

FARFAƊOWA

Gaskiya ɗaya ce, daga 2002 zuwa yau an yi aiki, kuma wanda ya ƙi faɗa ya yi son kai. A 2002 aka kafa hukumar sufuri ta LAMATA. A watan Maris na 2008 aka fara manyan motocin BRT daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a kan layinsu na daban. Ina ƙarami lokacin, amma na tuna murnar da 'yan uwanmu na kasuwar Mile 12 suka yi. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jiha. An gyara dandalin Tinubu, an sa fitilu, an gyara titunan Broad Street da kewaye.

A 2010 aka buɗe Freedom Park a harabar tsohon kurkukun Turawa na Broad Street, inda aka taɓa tsare mutane irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Wani mai zanen gine-gine, Theo Lawson, shi ya kawo shawarar. Maimakon a sayar da filin a kafa bene, sai aka mai da shi lambu da wurin tarihi. A Onikan kuma an gina cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarbawa. Na shiga duka biyun, kuma ina ba matasanmu shawara su je, don sanin tarihin mai masaukinka rabin zaman lafiya ne.

Sai uwa uba, jirgin da muka hau da Baba, wanda ake kira Blue Line. An fi shekara 10 ana aikinsa har mutane suka fid da rai. A watan Janairu na 2023 aka yi bikin buɗe shi, kuma abin mamaki, Shugaba Buhari ne ya buɗe, wato mutumin da gwamnatinsa ta soke na farko shekara 38 kafin nan. Ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba, 2023. Kilomita 13 ne daga Marina zuwa Mile 2, da tashoshi 5, kuma shirin shi ne a kai shi Okokomaiko. Tafiyar da takan ci fiye da awa ɗaya a danfo, mun yi ta cikin kamar minti 20, a zaune, cikin sanyi. A 2024 aka buɗe layi na biyu, Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya bi ta Agege. Ana kuma maganar mai da Marina babbar mahaɗa, inda jirgin ƙasa da motar BRT da jirgin ruwa za su haɗu wuri guda, da wani layin da zai nufi Lekki.

Daga saman tashar Marina, a karon farko a rayuwata, na ga ruwan sosai, da jiragen Apapa a tsallake. Na tuna maganar dattijon nan. Na ce ashe abin da suke gani kenan a ƙasa, kyauta.

TO WA AKE GYARA WA?

Nan ne gizo ke saƙar. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Yulin 1990 an rushe Maroko, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, wurin ya zama unguwar masu hali. Bar Beach, inda iyayenmu ke kai mu yawon Sallah, yanzu ta shige cikin Eko Atlantic. An tashi masunta a Otodo Gbame a 2016 da 2017, an tashi mutanen Tarkwa Bay a Janairun 2020. A Ikko, duk lokacin da bakin ruwa ya yi daraja, talakan da ke wurin ya fara ɗaure kayansa.

A watan Maris na 2022 gobara ta tashi a kasuwar ƙarƙashin gadar Apongbon, ta lalata gadar, aka rufe ta fiye da shekara guda, aka kuma tashi masu kasuwanci a ƙarƙashin gadoji. A Yunin shekarar aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, har da ta tsibirin Ikko, kuma da yawa daga masu wannan sana'a 'yan Arewa ne. Ni ban ce a bar mutane su riƙa ajiye kayan wuta a gindin gada ba. Gobarar nan ta wahalar da miliyoyin mutane, har da mu. Tambayata ita ce: da aka ce su tashi, ina aka ce su koma?

Mu ma abin ya taɓa mu. Wata safiya shekaru kaɗan da suka wuce, waɗansu ma'aikata suka zo da mota suka kwashe tebura a layinmu, har da na Baba da huhu biyu na goro da bai gama biyan kuɗinsu ba. Ga rasiɗan da yake biya kullum cike da leda, amma babu wanda ya duba. Sai da ya shekara yana biyan bashin. Abin da ya fi ba shi ciwo ba asarar ba ce. Daga baya ya ji cewa an yi taro da shugabannin kasuwa kafin ranar, an ba da sanarwa, amma babu ko mutum ɗaya daga cikinmu a wurin, kuma takardar da aka liƙa babu wanda ya karanta masa.

NAMU LAIFIN DA ABIN YI

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu mun shekara 20 ko 30 a nan amma muna zaman "gobe zan koma gida". Ba mu yin rajistar zama ta jiha, katin zaɓenmu yana can ƙauye, ba mu shiga ƙungiyar kasuwa, ba mu zuwa taron unguwa. Ganyen goro da ledar ruwa a kwata muke zubawa. In rigima ta taso sai mu ruga wurin Sarkin Hausawa, alhali an riga an gama shawara. Wanda ba ya wurin rabo, ai sai abin da aka ajiye masa.

Ga abin da nake gani, ƙaramin sani na:

Na farko, kowane layi na masu tebur da 'yan dako ya rubuta sunayen mutanensa, ya shiga ƙungiyar kasuwar da yake ciki tare da Yarbawa da Inyamurai. Matar da ke sayar da barkono kusa da Baba damuwarsu ɗaya, kuma ita tana da murya a wurin Iyaloja.

Na biyu, mu da muka yi sakandare a nan, muna jin Yarabanci da Turanci, wannan aikinmu ne. Mu riƙa karanta sanarwa muna fassara wa iyayenmu, mu je taro mu zauna a gaba, mu yi tambaya da ladabi.

Na uku, mu san abin da za mu roƙa. Kada mu ce a fasa gyara, don ba za a fasa ba, kuma mu ma muna son gari mai kyau. Mu ce a sa mu cikin zanen tun farko: ƙananan rumfuna masu araha kusa da tashoshi inda ƙafa ke wucewa, wurin sauke kaya da hanyar kura da baro, banɗaki da wurin alwala, gadar ƙafa da tsoho zai iya hawa, sanarwa da harsunan da mutane ke ji har da Hausa, da wa'adi na gaskiya kafin a tashi kowa. Sannan a bar wani yanki na bakin ruwan a buɗe, da inuwa da benci, babu kuɗin shiga, yadda ɗan dako zai zauna ya huta kusa da ma'aikacin banki.

Na huɗu, mu riƙe tsabta da doka, don kada mu ba mai neman dalili dalili. Kuma mu tuna garin nan yana da masu shi. Sanin cewa kakanninmu sun daɗe a nan ba hujjar ɗaga kafaɗa ba ce, hujja ce ta cewa mu ma abin ya shafe mu, lalacewarsa da gyaruwarsa.

Da muka dawo daga Mile 2 ranar nan, magariba ta kusa. Muka sauko daga tashar Marina, Baba yana riƙe da ƙarfen matakala yana hutawa. Na tambaye shi ko jirgin ya yi masa. Ya ce, "Ya yi ƙwarai, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi. Amma in za a yi taron nan na gaba, kai za ka je mana. Ka tafi da ledar rasiɗan nan." Na ce to, Baba. Na kuma je na ba da sunana a wurin sakataren layinmu.

Duk wanda ke da wani tsoho a gida da ya san Marina ko Ebute Ero ko Obalende ta da, don Allah ya zauna da shi ya rubuta abin da ya ji tun kafin ƙasa ta rufe ido. 'Yan uwa na Fatakwal da Onica da Kalaba, ku ma kuna da bakin ruwa, ina so in ji yadda abin yake a wajenku. Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a wannan ƙasa. Amin.

Wassalam. Naku, ɗan mai goro, daga Ebute Ero, Ikko.